Ranar da Bunrot Ya Bi Ta Ƙarƙashin Shanya

Duk wanda ya taɓa zama a layin Kawsan ya san Bunrot mai gyaran wuta. In bai san fuskarsa ba ya san tafin ƙafarsa, don kusan kullum daga ƙasa ake hango shi, yana saman tsanin gora, kansa ya shige cikin wayoyin nan da suka cukurkuɗe a kan kowace falwaya kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Gajeren mutum ne, kakkaura, ga taurin kai. Yana ɗan shekara goma sha tara ya sauko Bankok daga wani ƙauye kusa da Surin, lokacin layin bai wuce shagunan shinkafa da 'yan masaukai uku ba. A gabansa Turawa masu goyon jaka suka fara zuwa ɗai-ɗai, a gabansa suka cika layin maƙil har ba wurin tofar da yawu. Kowane sabon shago na son fitila, kowace mai tausa na son allo mai walƙiya, mai soya taliya ma na son fanka. Bunrot ne ya ja musu waya. Shekara talatin da uku yana ja, ba ya cire tsohuwa, sai dai ya ɗora sabuwa a kanta, har ta kai babu mahaluƙin da ya san wace waya ce ta wa in ba shi ba.

Safar hannu? Haba, wace safar hannu! Da hannunsa tsirara yake cusa yatsu cikin wayoyin, sigari a baki, yana hira da na ƙasa. In aka ce masa ya yi hankali sai ya yi dariya ya bugi kafaɗarsa ta baya, kowa kuma ya san abin da yake nufi. Kafin ya baro ƙauye uwarsa ta kai shi wurin Malam Puang, tsohon mai zanen tsari, wanda ya kwantar da shi rub da ciki ya yini yana soka masa dogon tsinken ƙarfe da tawada, daga wuya har ƙugu, yana tofa masa addu'a. Da ya gama ya ba shi sharaɗi uku. Kada ya zagi uwar kowa. Kada ya ci duma. Kada kuma ya kuskura ya bi ta ƙarƙashin igiyar da aka shanya tufafin mata na ƙasa, irin su zani da ɗan kamfai. In ya karya ɗaya, zanen ya zama tawada kawai, kuma ba mai iya gyarawa sai hannun da ya yi shi. Malam Puang kuwa ya rasu tun shekarar da Bunrot ya yi aure.

Mu nan ba ma yi wa irin wannan abu dariya. Rabin direbobin tuktuk, keken hayar nan mai ƙafa uku, na layin suna da nasu zanen a ƙarƙashin riga, kuma duk macen da ta tashi a gidan mutunci ta san inda ake shanya zani da ɗan kamfai, can ƙasa a lungu, daidai gwiwa. To amma je ka gaya wa baƙon da ya zo jiya zai tafi jibi, wanda yake ƙyashin biyan mai wanki amma yana da kuɗin giya.

Saura kwana huɗu bikin Songkran, bikin watsa ruwa na sabuwar shekara, zafin nan da ke narka kwalta ya sauko, wani mai masauki ya kira Bunrot ya ce injin jan ruwa na saman bene ya tsaya. Ya hau hawa biyar, akwatin aiki a hannu. Ƙofar fita rufin gajera ce, sai an sunkuya. Ya sunkuya ya fita, rana ta kashe masa ido, ya yi taku uku a haka kansa a ƙasa. Sai ya ji ɗigon ruwa mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa, ya gangara ta cikin riga, ya bi tsakiyar bayansa.

Ya ɗaga kai. Igiya ce shuɗiya ta roba, an ɗaure ta daga ƙarfen tankin ruwa zuwa saman ƙofar. A jikinta 'yan kamfai biyar da rigar mama da wani ɗan siket da bai fi tafin hannu biyu ba, duk suna ɗiga. Wata Baturiya mai jan gashi tana zaune a inuwar tankin tana yanke farce. Ta taso da murmushi, ta haɗa tafin hannu a ƙirji yadda suke kwaikwayonmu, tana ba shi haƙuri da yarensu, a zatonta jiƙa masa riga ne laifin. Har ta miƙo hannu za ta goge masa wuya.

Bunrot ya yi baya ya kauce wa hannunta. Abin takaicin ma, hanyar komawa ɗaya ce, ita ce ta ƙarƙashin igiyar. Sai da ya yi ta yi mata nuni da hannu, tana kallonsa kamar wanda ya zautu, ta kwance igiyar ta tattara kayanta, sannan ya wuce. Akwatin aikinsa ma a can ya baro shi, sai da yamma mai masaukin ya aiko masa da shi yana tambayar ko lafiya.

Ina lafiya! Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sanin akwai shi ba. Ya bi layin yana tafiya a tsakiyar titi don kada ya matsi falwaya. Wayoyin da ya ja da hannunsa, waɗanda ya sani ɗaya bayan ɗaya, yanzu in ya ɗaga ido sai ya ga kamar shi suke jira. Bayansa ya riƙa ƙaiƙayi daidai inda ruwan ya bi. Ya shiga banɗaki ya cuɗa wurin da sabulu har fata ta yi ja, alhali ya san ba datti ba ne. Washegari da safe ya kai hannu zai kunna tukunyar dafa shinkafa, ta ɗan tsikare shi a yatsa. Tukunyar nan ta shekara shida tana tsikarar kowa a gidan, shi da bakinsa yake cewa gaisuwa ce. Ranar kuwa sai da ya yi baya ya zauna daɓas a ƙasa.

Ya fita ya tsaya a gaban ɗaya daga cikin shagunan nan masu gilashi da ke yi wa Turawa zane da inji. A bango ga hoton irin zanensa sak, har da farashi a ƙasa. Mai shagon, wani mai 'yan kunne a hanci, ya leƙo ya ce, “Kawu, in naka ya koɗe shigo in bi maka shi, minti arba'in an gama.” Bunrot ya dube shi kawai ya wuce. Wannan ai ado ne, shi kuwa ba ado ya rasa ba.

Mutane suka fara kira, yana cewa cikinsa ne ya ɓaci. Kiat direban tuktuk, wanda suka fi shekara ashirin suna tsokanar juna, ya same shi zaune a kan benci ya ce, “A'a! Yau biri ya gaji da bishiya ne? Ko tsufa ne ya shigo ba sallama?”

“Tafi ka yaudari Turawanka, ka bar ni.”

“Su ai suna barci, sai azahar suke tashi. Kai dai faɗi gaskiya, Lamduan ce ta ɗirka maka barkono?”

Bunrot ya yi yaƙe. Ya za a yi ya faɗa? Mutumin da aka sani da tsari ya ce ɗan kamfan Baturiya ya gama da shi? Kafin faɗuwar rana har masu dakon kasuwar Banglampu sun ji.

Lamduan matarsa ce, uwar 'yarsu Nok, mai daka kwaɗon ɗanyar gwanda a bakin lungunsu, mace mai kaifin ido da kaifin baki. Ita ba a yi mata ƙaryar ciki. A rana ta biyu da yamma, tana daka, ba ta ko dube shi ba ta ce, “Baban Nok, tsaninka ya kwana biyu a jingine.”

“Cikina ne.”

“Cikin da ke cinye barkono ashirin bai ji ba? Gaya wa wata. Me ya faru?”

Ya matso kusa, ya rage murya, ya gaya mata komai, rufin da ƙofar da ɗigon ruwan. Taɓaryar ta tsaya a hannunta.

“To, kada ka sake hawa,” ta ce. “Ka kafa ɗan teburi nan kusa da ni, ka riƙa gyaran fanka da rediyo. Nok ta gama makaranta, ba wanda zai mutu da yunwa.”

“Da wane ido zan kalli mutane?”

“Da wanda kake da shi.”

Wataƙila da hakan aka yi, in da ba don abin da ya faru ana gobe biki ba. Da hantsi sai ga Muai, 'yar Sinawan nan mai miyar taliya, wadda rumfarta ta kwano ke manne da falwayar tsakiyar layi, ta taho da gudu tana riƙe da kafaɗa.

“Bunrot, taso! Rumfata na cizo! Na dafa ƙarfen zan rataya leda, hannuna ya mutu har kafaɗa.”

“Ki kashe naki layin, Yaya.”

“Na kashe! Na kashe na mai tausa, na kashe na mai sayar da wanduna. Har yanzu tana cizo.”

Ya gane abin da ake ciki tun kafin ta rufe baki. Wata waya ce can sama ta ɓare tana gogar ƙarfen da ke riƙe da rumfar, kuma ba a san ta wa ba ce, balle a kashe ta daga ƙasa. Gobe tun da safe dubban mutane za su cika layin suna watsa wa juna ruwa, jiƙe sharkaf, da yawa ba takalmi, ruwa har idon sawu, kowa na jingina da abin da ya samu. Rumfar Muai kuwa a tsakiyar turmutsutsun take.

“A kira ma'aikatan wuta,” ya ce.

“So kake ka kashe mu da ranmu? Su ai ba sa bin waya ɗai-ɗai, datse duk wadda ba tasu ba za su yi, layin ya kwana a duhu ranar da muke jira tun bara. Kai ka ja su, kai ka san su. Minti goma ne fa a wurinka. Me ke damunka ne kwanan nan?”

Shi ya ja su, wannan gaskiya ne. In gobe wani ɗan mutane ya manne a jikin rumfar nan, wayarsa ce ta kashe shi. Ya tashi ya ɗauki tsanin, tsanin da yake ɗauka da hannu ɗaya, ya ji ya yi masa nauyi.

Matakala goma sha bakwai ce, bai taɓa ƙirgawa ba sai ranar. A ta biyar zufa ta fara shiga masa ido. A ta goma ya ji ƙarar wayoyin, wani siririn kuka da ya shekara talatin yana ji bai taɓa saurara ba. A ta goma sha biyar kansa ya isa bakin cukurkuɗin, warin roba mai zafi ya buge shi. Ya ɗaga hannun dama zai cusa, hannun ya tsaya a iska ya ƙi gaba. Ya ce masa tafi, ya ƙi. Ya yi niyyar sauka, ƙafa ma ta ƙi. Sai ya rungume tsanin da hannu biyu ya manna goshi a jikin gora, ya rufe ido.

Kamar abin bai isa ba, wasu 'yan iskan Turawa uku da suka kasa jira gari ya waye suka ɓullo da bindigogin ruwa na roba, tsirara daga ƙugu zuwa sama, suna ihu. Ɗaya ya hango mutum a saman tsani ya ga abin wasa ya samu, ya saita ya feso. Ruwan ya sauka a matakalar da ke ƙarƙashin ƙafar Bunrot. Muai ta kurma ihu, Kiat ya yi kansu da takalmi a hannu yana zagi, suka gudu suna dariya, har yau ba su san abin da suka kusa yi ba. Zagin uwa ya zo wa Bunrot har kan harshe, ya haɗiye shi, ko da yake yanzu ba abin da zai ƙara ɓatawa.

Mutane suka taru a ƙasa. Aka yi ta kiran sunansa, bai amsa ba. Kiat ya daina wasa, ya ce, “Yaya, sauko kawai, ba wanda zai ce komai.” Tsanin da kansa ya fara kaɗawa saboda rawar jikinsa. Kiat ya ruga bakin lungu ya taho da Lamduan, hannunta duk ruwan lemun tsami.

Ta ratsa mutane ta kama ƙafafun tsanin da hannu biyu. Ta ɗaga kai, ta yi masa magana da yaren ƙauyensu, wanda ba mai ji a wurin sai su biyu.

“Baban Nok. Kana jina?”

“Ya karye, Maman Nok,” ya ce, bai buɗe ido ba. “Ba ni da komai a bayana. In na taɓa, na mutu.”

“Saurara da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Ka tuna daminar da ruwa ya shiga ɗakinmu, Nok na rarrafe tana zazzaɓi?”

Ya ƙara ƙanƙame tsanin, ita kuwa ta ci gaba.

“Ba inda zan shanya komai, ƙasa duk ruwa. Na ɗaura igiya a saman ƙofar shiga, na ce kafin ka dawo na kwashe. Sai ga ka da rana tsaka, ka rufa buhu a ka, ka shigo da gudu. Zanina biyu ne a kai da ɗan kamfai. Ta ƙarƙashinsu ka wuce. Ba ka gani ba, ni na gani.”

Ya buɗe ido ya dubo ƙasa. Fuskarta ba alamar wasa.

“Ƙarya kike yi don in sauko.”

“Na taɓa yi maka ƙarya don ka ji daɗi? Shekara goma sha tara ke nan. Malam ya riga ya mutu, ba mai gyarawa. In na gaya maka me zan ba ka ban da tsoro? Hannunka ya fara rawa a sama ka faɗo mana? Sai na yi shiru na riƙe abina.”

In kana zaton wannan magana ta kwantar masa da hankali, to ba ka san tsoro ba. Duk ranakun da ya hau a shekarun nan suka dawo masa a jere. Ranar da ya riƙe waya da haƙori ana ruwan sama. Ranar da wuta ta tashi a falwayar gaban banki ta ƙone masa gira, ya sauko yana dariya yana bugun kafaɗa. Ranar da ya rataya da hannu ɗaya yana ɗaga wa 'yan mata hannu. Ashe duk a tsirara yake!

“Kwana uku kacal ka ɗauki tsoron nan har ka ƙame,” Lamduan ta ce, muryarta ta fara shaƙewa. “Ni ban san me ke dawo da kai gida ba in ba hannunka da idonka ba. Suna nan, ba wanda ya shanya komai a kansu. Ko ka gyara ko ka sauko, ni duk ɗaya ne a wurina, amma kada ka tsaya min a nan. Ƙafata ba za ta ɗauka ba.”

Bunrot ya saki hannun dama a hankali, ya laluba aljihu ya zaro testar gwada wuta, wadda ya yi shekara da shekaru yana amfani da ita wajen kwance noti kawai. Tsoron bai tafi ko'ina ba. Ya fara bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa, ya duba, ya ja numfashi, ya matsa. Aikin minti goma ya ci masa fiye da awa guda, ba wanda ya tafi daga ƙasa, ba kuma mai tari. Can ƙarƙashin tarin ya same ta, wata tsohuwar baƙar waya da ya ja wa wani shagon wanke hoto da ya rufe tun shekara goma da suka wuce, har yanzu da wuta a jikinta, ƙarfe ya cinye robar, jan ƙarfen ya fito fili. Sau nawa ya dafa daidai wurin da tafin hannunsa? Bai bari ya ƙirga ba. Ya sa filaya mai hannun roba ya datse ta, ya naɗe bakin da tef har sau bakwai.

Muai ta taɓa ƙarfen rumfar da bayan yatsa, ta janye, ta sake taɓawa, sannan ta dafa da tafin hannu gaba ɗaya. “Ta daina! Ta daina cizo!” Aka ɗauki tafi da shewa. Kiat ya ce, “Wannan ciwon ciki naka, Yaya, ya kusa kashe mu duka.”

Bunrot ya sauko a hankali, yana lalubar kowace matakala da ƙafa. Da ya taka ƙasa rigarsa kamar an tsamo ta daga kogi. Mutane suka fara watsewa, Muai ta tafi zuba masa miya. Lamduan kuwa tana nan inda take, hannayenta biyu a jikin tsanin.

“Saki mana, Maman Nok, na sauko.”

“Na gani.”

“To saki.”

“Sun ƙi sakuwa.”

Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Sun yi sanyi ƙalau, gaɓar gorar ta fito a tafinta. Ya riƙe hannun yana kallo, ya kasa haɗa ido da ita.

“Kullum haka kike ji?”

“Kullum. Sai dai a bakin turmi nake yi, ba ka gani.”

Suna tsaye a haka mai tausa ta leƙo daga shagonta ta ce, “Kawu, tunda ka warke, allona fa? Rabinsa ya mutu, gobe biki.”

Bunrot ya dubi allon can sama, ya dubi matarsa. Lamduan ta zare hannunta ta goge a zani.

“Tsaya in je in rufe turmina,” ta ce. “Kada ka taka ko matakala ɗaya sai na zo.”